Kula da Gashin Yaranmu: Tsabta, Kitso, Aski da Abinci

Kan yaro yana faɗa wa iyaye abubuwa da yawa game da lafiyarsa. Uwar da ta saba duba kan ɗanta takan gane ciwo tun bai yi nisa ba. Amma a gidajenmu da yawa ba a tunawa da kan yaro sai daren Asabar, ko kuma in Kirsimati ta matso. A lokacin ne za a tsefe kai da gaggawa, a wanke da kowane irin sabulu, a yi kitso yarinya tana kuka. Wani yaron kuma yakan yi watanni da makero a kai, abokansa suna yi masa ba'a, har ya ƙi zuwa makaranta. Wata yarinya ba ta kai shekara 10 ba, gashin goshinta ya ƙare saboda ɗaurin kitso. Akwai kuma yaran da gashinsu ke yin ja saboda tamowa, iyaye suna zaton rana ce ko ƙura.

Yawancin waɗannan matsaloli ana iya hana su da abubuwan da muke da su a gida. Wannan bayani domin iyaye mata da maza ne, da kakanni, da duk wanda yake riƙon maraya. Ana iya karanta shi a taron zumuntar mata ko na matasa, a kuma tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Yadda gashinmu yake

Gashin baƙar fata a nannaɗe yake fitowa. Kowane sili yana lanƙwasa sau da yawa tun daga gindinsa har zuwa bakinsa. Fatar kai tana fitar da wani maiƙo na halitta wanda yake kare gashi. A gashin da yake miƙe, maiƙon yakan gangara cikin sauƙi har ƙarshen sili. A namu kuwa, lanƙwasar tana hana shi tafiya, shi ya sa bakin gashin yake bushewa. Kowace lanƙwasa kuma wuri ne mai rauni inda sili zai iya karyewa idan an ja shi da ƙarfi.

Saboda haka gashin da muke gani kamar mai tauri, yana da saurin karyewa. Yana tsiro kusan santimita 1 a wata. Idan gashin yarinya ya yi shekara bai ƙara tsawo ba, sau da yawa yana tsiro daga ƙasa amma yana karyewa daga sama. Abubuwa uku yake bukata: ruwa, ɗan mai, da hannu mai sauƙi.

A lokacin hunturu bushewar takan ƙaru, ga kuma ƙura. A lokacin zafi da damina kuwa, gumi da laima ne suke damun fatar kai. Kulawar za ta bi lokaci.

Wanke kai

Sau ɗaya a mako ya isa ga yawancin yara. Idan ana wanke kai da sabulu kullum, maiƙon halittar zai ƙare, gashin ya bushe. Idan kuma aka bar shi wata guda ba wanki, datti da gumi za su taru, ƙaiƙayi da ƙuraje su biyo baya.

- A yi amfani da ruwa mai ɗumi kaɗan. Ruwan sama da aka tara cikin mazubi mai tsabta ya fi ruwan wasu rijiyoyi da ba sa barin sabulu ya yi kumfa.
- A yi amfani da sabulun wanka mai sauƙi, ko sabulun salo kaɗan da aka narkar a ruwa. Garin sabulun wanki da sabulun soda suna da zafi, suna busar da gashi, suna kuma cin fatar yaro.
- A cuɗa fatar kai da tafin yatsu. Farce yana yin rauni, rauni kuma ƙofar cuta ce.
- Idan gashin yana da yawa, a raba shi kashi huɗu, a wanke kashi-kashi domin kada ya cukurkuɗe.
- A ɗauraye sosai har sabulu ya fita duka. A tsane ruwan da zane mai laushi, ba tare da gurzawa ba.

Iyayenmu sun daɗe suna amfani da karkashi. Ana jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, a tace, a shafa a kai bayan an wanke. Yauƙin yana sa gashi ya yi santsi, mataji ya wuce ba tare da ciwo ba. Bayan an taje sai a ɗauraye. Inda ruwa yake da wuya, kwano biyu ko uku sun isa kan ƙaramin yaro idan ana zubawa da moɗa a hankali.

Shafa mai da taje kai

Mai ba ya jiƙa gashi. Aikinsa shi ne ya riƙe laimar da ruwa ya bari. Don haka ruwa ne farko, mai ya biyo baya. Idan aka shafa mai a busasshen gashi, zai yi ƙyalli amma a bushe yake.

Man kaɗanya yana da kyau ƙwarai, musamman da hunturu. Man kwakwa, man alayyadi da man gyaɗa mai tsabta su ma suna yi. A narkar da kaɗan a tafin hannu, a shafa a jikin gashin, a fi ba da ƙarfi a bakinsa. Kada a cika mai a fatar kai. Mai da yawa yana kama ƙura, yana kuma iya ƙara amosani.

Kada a taje busasshen gashi. A yayyafa ruwa tukuna, a warware manyan ƙulle-ƙulle da yatsu, sa'an nan a ɗauki mataji mai manyan haƙora. A fara daga bakin gashin, a riƙa hawa a hankali zuwa gindi, ɗaya hannun yana riƙe da gashin don kada a ja fatar. Idan yarinya tana ihu duk lokacin da ta ga mataji, a duba yadda ake taje mata kafin a ce tana da raki.

Kitso

Kitso yana kare gashi daga ƙura da karyewa, yana kuma rage wa uwa aikin safiya. Amma kitson da aka ɗaure da ƙarfi yana tumɓuke gashi daga gindinsa. Da farko gashin yakan dawo. Idan aka ci gaba shekara da shekaru, gindin gashin yakan mutu, wurin ya zama sanƙo har abada. Goshi da saman kunnuwa ne suka fi shan wannan wahala. Da yawa cikin matan da suka rasa gashin goshi, tun suna yara abin ya fara.

Ga alamun cewa kitso ya yi tsanani:

- yarinya ta kasa yin barci, ko ta ce kanta yana ciwo
- fatar goshi ta ɗage, girar ido ta ja sama
- ƙananan ƙuraje sun fito a bakin kitson
- ana ganin farin gindin gashi ya tumɓuko

Idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a kwance kitson a ranar, ko da an biya kuɗi. Kuɗin kitso yana dawowa, gashin da gindinsa ya mutu ba ya dawowa.

Ga ƙananan yara, manyan kitso guda 6 ko 8 sun fi ƙananan da za a kwana ana yi. A bar ƙananan gashin goshi, kada a tilasta su shiga kitso. A riƙa canza salo: in an yi shuku wannan karo, a yi kalaba ko zane a karo na gaba, domin kada wuri ɗaya ya riƙa ɗaukar nauyi kullum. Kitson zare ma a sassauta shi. Kada kitso ya wuce mako 2 zuwa 3, kuma a bar kai ya huta kwana ɗaya ko biyu kafin sabo. Gashin kanti da ake ƙarawa yana da nauyi ga wuyan yarinya da gindin gashinta, gara a bari sai ta girma. Duwatsun ado da ƙananan robobi kuwa, yaron da bai kai shekara 3 ba yana iya cire su ya sa a baki, a hanci ko a kunne.

Kafin a fara kitso, a duba fatar kai da kyau a cikin haske. Hausawa sun san illar yin kitso da kwarkwata. Haka yake da ƙuraje da makero: kitso yana ɓoye su, su kuwa suna ci gaba a ƙarƙashi.

Da dare, ɗankwali mai santsi yana rage gogar gashi da tabarma ko matashin kai. Wannan ga yaran da suka tasa ne. Kada a ɗaura wa jariri komai a kai lokacin barci, domin yana iya zamewa ya rufe masa hanci.

Kan jariri

Gashin da aka haifi jariri da shi yakan zube a watannin farko, wani ya fito. Ƙeya ma takan goge saboda kwanciya. Wannan ba ciwo ba ne.

Wasu jarirai sukan yi wani ɓawo mai maiƙo, rawaya-rawaya, a tsakiyar kai. Ba ya yaɗuwa, kuma yakan tafi da kansa kafin yaro ya cika shekara. A shafa ɗan mai, a bari ya yi laushi, a wanke a hankali. Kada a ɓanɓare shi da farce.

Maɗiga takan rufe da kanta tsakanin wata 12 zuwa 18. Ba ta bukatar a liƙa mata wani magani. Idan ta faɗa ciki lokacin da yaro yake zawo ko amai, alama ce ruwan jikinsa ya ragu: a ci gaba da ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti. Idan kuma ta kumbura tare da zazzaɓi, a garzaya da shi nan da nan.

Yaron da gashinsa ya bambanta da na sauran gida

A wasu gidaje akwai yara ruwa biyu, waɗanda ɗaya daga cikin iyayensu Bature ne, ko Balarabe, ko mutumin Indiya ko Sin. Akwai kuma yaran da suka gaji gashi mai laushi daga dangin uwa ko na uba. Sau da yawa kaka ko gwaggo ce take riƙon irin wannan yaro, ba ta kuwa saba da irin gashin ba.

Gashi mai laushi ba ya son mai mai nauyi. Man kaɗanya da yawa zai danne shi ya kama datti. Ɗigon man kwakwa a bakin gashin ya isa. Yana iya bukatar wanki sau biyu a mako idan yana saurin yin maiƙo. Yana cukurkuɗewa da sauri, don haka a taje shi da laima, a yi masa manyan kitso biyu ko huɗu kafin barci. Saboda santsinsa kitso yakan warware da wuri, sai mai kitso ta ƙara ɗaurewa. Wannan ne yake cinye goshin irin waɗannan yara. Gara a sake kitso bayan kwana 5 da a ɗaure shi da ƙarfi. A kai ɗaya ma ana iya samun gashi iri biyu, gaba mai laushi, ƙeya mai ƙarfi. A bi kowane sashe da abin da ya dace da shi.

Yaro zabiya kuma yana bukatar hula mai faɗin baki duk lokacin da zai fita, domin rana tana ƙona fatar kansa, wuyansa da kunnuwansa. Kada a yi masa aski ƙwal.

Mu lura da bakinmu a gaban yara. Idan kullum ana yabon mai gashi mai laushi, ana ce wa 'yar'uwarta mai kan kaba, maganar takan zauna a zuciyar yarinya har ta girma. Shi ma yaro ruwa biyu ba ya jin daɗi idan kowa yana taɓa masa kai a hanya kamar abin kallo. Kowane irin gashi yana yin kyau idan ya sami kulawa.

Man miƙar da gashi da rini

Man da ake sayarwa domin miƙar da gashi, wanda ake kira rilaksa, yana da sinadari mai ƙarfi. Wasu irinsa suna ɗauke da soda irin wadda ake yin sabulu da ita. Yana miƙar da gashi ne ta wurin karya ƙarfin silin. Fatar kan yaro ba ta da kauri kamar ta babba, don haka yana saurin ƙona ta. Idan ya shiga ido yana iya lalata gani. Hoton yarinya a jikin kwali bai sa ya zama marar lahani ba.

A shekarar 2022 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a Amurka a kan mata fiye da 33,000. An ga cewa waɗanda suke yawan amfani da man miƙar da gashi sun fi sauran kamuwa da ciwon dajin mahaifa. Wannan ƙarin dalili ne na barin yara da gashinsu na halitta. Baƙin rini na kanti shi ma yakan sa wa wasu yara kumburi da ƙuraje. Babu abin da yaro zai rasa idan ba a shafa masa waɗannan ba.

Aski

Reza ko askar da ta yanki mutum ɗaya tana iya kai cuta jikin na gaba. Ta haka ana iya ɗaukar ƙwayar cutar ƙanjamau da ta ciwon hanta nau'in B. Ƙwayar ciwon hanta tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye, ko da ido bai ga jinin ba. Makero ma yana bin aska da injin aski daga kai zuwa kai.

- Kowane yaro da sabuwar rezarsa. A buɗe ta a gaban iyaye, a jefa ta cikin masai bayan an gama.
- Idan wanzami ne zai yi wa jariri aski, iyaye su kawo sabuwar reza da kansu. Ƙarfe marar tsabta yana iya sa wa jariri ciwon sandarewar jiki.
- Idan da injin aski ne, a tabbata an kakkaɓe gashin wani, an goge bakin injin da sifirit kafin a taɓa kan yaro.
- Almakashi ya fi reza aminci. Ba dole ne a aske kai har fata ba.

Tun shekarar 2004 allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tana cikin alluran yara a Nijeriya. Ta farko an fi so a yi ta cikin awa 24 bayan haihuwa. Wadda ta haihu a gida ta sa a kai jaririn asibiti da wuri.

Makero

Makero shi ne ciwon kai da ya fi yawa tsakanin yaran firamare. Yakan fito kamar da'ira, gashin wurin ya kakkarye, fatar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Wata ƙwayar cuta ce take kawo shi, dangin fumfunar da ke fitowa a kan abincin da ya kwana biyu. Ba maita ba ce, ba kuma gadon gida ba ne. Yana yaɗuwa ta mataji, reza, hula, ɗankwali, tawul, matashin kai, har da gammon da yara suke karɓa-karɓa wajen ɗiban ruwa. Kyanwa, kare da maraƙi masu irin wannan tabo su ma suna iya sa wa yaro.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne: ƙwayar makero tana shiga cikin silin gashi har gindinsa. Man shafawa ba ya kai wa can. Shi ya sa iyaye sukan yi ta shafa magani, wurin ya yi kamar ya warke, bayan wata guda ya dawo. Makeron kai yana bukatar maganin sha. Wanda aka fi samu shi ne griseofulvin, haka sunan yake a jikin kwali. Ana shansa kullum har mako 6 zuwa 8. Ma'aikacin lafiya ne zai auna nauyin yaro ya faɗi yawan da zai sha. A ba shi tare da abinci mai maiƙo, kamar kunun gyaɗa ko madara, domin jiki ya fi karɓarsa. Kada a daina don an ga sauƙi. Mace mai ciki kada ta sha wannan magani. Akwai wani kuma mai suna terbinafine da ake ba wasu yara na mako 4. Sabulun ruwa mai ɗauke da ketoconazole, sau biyu a mako, yana rage yaɗuwa ga sauran yara, amma ba ya maye gurbin maganin sha.

Wani lokaci makero yakan kumbura ya yi ruwa kamar maruru, yana fitar da mugunya. Kada a tsaga shi. A kai yaron asibiti da sauri, domin irin wannan ne yake barin tabon da gashi ba ya sake fitowa.

Kada a shafa man birki, ruwan batir, baƙin mai, kananzir ko toka mai zafi. Suna ƙona fata, su bar sanƙo. Mayukan shafawa da ake sayarwa a kasuwa wai suna maganin kowane irin ƙaiƙayi, da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayin, ƙwayar cutar kuwa ta ƙara bazuwa.

A duba sauran yaran gida. A wanke mataji da ruwan zafi da sabulu, a wanke huluna da zannuwan gado a shanya a rana. Yaron da ya fara shan magani yana iya ci gaba da zuwa makaranta.

Kwarkwata

Kwarkwata ba ta tashi, ba ta tsalle. Tana rarrafawa ne daga kai zuwa kai lokacin da yara suka haɗa kai wajen wasa ko barci. Tana liƙa ƙwayayenta kusa da fata, musamman a bayan kunne da ƙeya. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 7 zuwa 10. Idan ta bar kan mutum ba ta wuce kwana 2 da rai.

A tsefe kai, a shafa mai sosai, a raba gashin ƙanana-ƙanana, a bi da mataji mai ƙananan haƙora da yatsu a cire ta da ƙwayayenta. A maimaita bayan kowane kwana 3 ko 4 har mako 2. Ga yara maza, rage gashin yana taimakawa. Akwai maganin shafawa mai suna permethrin a kemis, wanda ake maimaitawa bayan kwana 7 zuwa 10. A nemi bayanin ma'aikacin lafiya kafin a sa wa ƙaramin yaro.

Kada a taɓa sa fiya-fiya, Sniper, maganin feshin gona, fetur ko kananzir a kan yaro. Gubar maganin ƙwari tana ratsa fata ta shiga jini, tana kuma kisa. Fetur da kananzir suna kama wuta daga murhu ko fitila. Idan an riga an sa, kuma yaro ya fara dalalar da miyau, gumi, amai ko numfashi da ƙyar, a cire masa tufafi, a wanke kai da jiki da sabulu da ruwa mai yawa, a kai shi asibiti tare da kwalbar maganin.

Idan gashi ya yi ja

Jiki yana gina gashi ne da abinci mai gina jiki. Idan abincin ya gaza, jiki yakan fara kula da zuciya da sauran kayan ciki, ya bar gashi. Sai gashin ya yi ja-ja ko fari-fari, ya yi sirara, nannaɗewarsa ta saki, yana tumɓukewa ba tare da yaro ya ji zafi ba. Wannan alamar tamowa ce. Wata likita mai suna Cicely Williams ta bayyana irin wannan ciwo a shekarar 1933 a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Sunan kwashoko daga harshen mutanen Ga ya fito, yana nufin ciwon da ke kama yaron da aka cire daga nono saboda ƙaninsa ya zo. A wurinmu ma an fi ganinsa bayan yaye, bayan ƙyanda ko doguwar gudawa, da kuma watannin Yuli da Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Rana da ƙura ma suna iya sa bakin gashi ya yi ja. Don haka a duba sauran alamu. A danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. Idan rami ya zauna bayan an ɗaga yatsa, kumburin tamowa ne. Ma'aikatan lafiya suna da tef mai launi uku na auna damtsen yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Idan awon bai kai santimita 11.5 ba, wato ya faɗa a ja, yaron yana cikin haɗari. Mai kumburi ko wanda awonsa ya faɗa a ja, asibiti za a kai shi a ranar. Babu man da zai gyara irin wannan gashi.

Rigakafi ya fi magani. Nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 tare da wasu abinci. Kunun zalla ba ya isa. A soya gero, dawa ko masara gwangwani 6, waken soya gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1, a cire ɓawon waken, a niƙa tare, a riƙa dama wa yaro. A ƙara da wake, ƙwai, garin busasshen kifi, nono, zogale, alayyafo, kabewa, gwanda da mangwaro. Idan yaro ya murmure, sabon gashi baƙi zai fito daga ƙasa.

Abin da za mu iya yi tare

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kowane ƙauye akwai yaran da ba su da mai duba musu kai: marayu, yaran da ke hannun kaka mai raunin ido, yaran da uba ne kaɗai yake riƙonsu, da na iyalan da rikici ya raba da gidajensu. Yaron da kansa yake da tsabta yakan shiga cikin 'yan'uwansa ba tare da kunya ba.

- Zumuntar mata tana iya ware rana ɗaya a wata domin wanke kai da kitso ga irin waɗannan yara. Kowace yarinya da nata mataji.
- Malaman makaranta su riƙa duba kawunan yara a farkon kowane zango, su faɗa wa iyaye a keɓe, ba a gaban aji ba.
- Dattawa su zauna da wanzamai da masu shagon aski a kan sabuwar reza da tsabtar kayan aiki.
- Ƙungiyar adashi tana iya taimaka wa gidan da ba zai iya sayen maganin makero na mako 8 ba.
- Iyaye maza su ma su koyi wanke kai da tajewa. Ranar da uwa ta kwanta ciwo ko ta yi tafiya, yara ba za su zauna haka ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane ciwon kai ne ya fi damun yara a ƙauyenmu? Me mutane suke cewa yana kawo shi?
2. Waɗanne abubuwa ake shafa wa makero da kwarkwata a nan? Waɗanne ne suke da haɗari?
3. Yaya za mu yi wa mai kitso magana idan tana ɗaurewa da ƙarfi, ba tare da an ɓata ba?
4. Waɗanne sunaye ake kiran yara da su saboda gashinsu ko launin fatarsu? Yaya yaran suke ji?
5. Su wane ne yaran da ba su da mai kula da kansu a unguwarmu, kuma wa zai fara ziyartarsu a wannan mako?